Bugu ɗaya ne ko biyu? Yadda ta kaya tsakanin ƙanwata da kamfanin inshora bayan direba ya tsere

Wasiƙar ta iso kwana 19 bayan hatsarin, shafi ɗaya ce tak. Kamfanin bai fito fili ya ce ba zai biya ba. Abin da ya ce shi ne, bisa rahoton mai kimanta ɓarna, lalacewar da ke jikin motar ƙanwata ta hatsari biyu ce, ta baya daban, ta gaba daban. Ya ƙara da cewa yadda ta siffanta motar da ta buge ta bai dace da abin da aka gani a jikin tata motar ba. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, "Yaya, wato ƙarya suke nufin na yi?"

Na ce mata kada ta kira su a wannan rana, kada kuma ta rubuta musu komai sai mun zauna. Na tattara wannan bayani ne daga takardun da muka adana, domin wanda irin haka ta same shi ya ga inda muka yi tuntuɓe da inda muka gyara.

Abin da ya faru a daren

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Ta tashi aiki wajen ƙarfe 10 na dare, ana yayyafi, ta zo mararraba ta tsaya domin danja ta nuna ja. Tana tsaye wata motar ɗaukar kaya ta taho a guje ta daki kusurwar hagu ta bayan motarta. Ƙarfin bugun ya ingiza motar gaba, ta karkata dama, ta haye dakalin gefen titi, ta je ta daki turken ƙarfe. Kafin ta dawo hayyacinta direban ya yi ribas, ya kewaye ta, ya keta danjar ya ɓace. Abin da ta iya riƙewa kawai shi ne haruffa biyu na lambarsa, da kuma cewa motar baƙa ce.

Ta yi abubuwa da dama daidai. Ba ta bi shi ba. Ta ɗauki hotuna shida na motarta, ta kira janwe, da safe ta je wurin 'yan sanda ta karɓi lambar rahoto, kuma ba a cika awa 24 ba ta sanar da kamfanin inshora. Amma duk hotunan na jikin mota ne. Babu na titi, babu na turken, babu na tarkacen roba da gilashin fitila da suka watse a inda aka fara bugun. Akwai wani dattijo mai gadin ginin da ke kusa, wanda ya rugo ya buɗe mata ƙofa, ya kawo mata kujera ta zauna har janwe ta iso. Ta yi masa godiya sosai, amma ba ta karɓi lambar wayarsa ba. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Mutumin da jikinsa ke kyarma cikin ruwa da tsakar dare ba tunanin shaida yake yi ba.

Sai kuma kiran wayar da ta yi wa kamfanin. Irin wannan kira naɗarsa ake yi, kuma shi ne shafin farko na fayil. An tambaye ta launin motar, ta ce baƙa, ba ta ce "ina jin baƙa ce" ba. An tambaye ta ko ta ji rauni, ta ba da amsar da bakin mutum ya saba bayarwa, ta ce lafiyarta ƙalau. Kwana biyu bayan nan wuyanta ya sandare har ba ta iya waiwaye. Wannan sanannen abu ne ga wanda aka buga daga baya, domin kai yana fizguwa baya da gaba, kuma sau da yawa ciwon ba ya bayyana sai an kwana. Ita da kanta ta san haka a wurin aiki. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Dalilin da ya sa gudun direba ke canja komai

A hatsarin da mai laifi ya tsaya, hanyar kuɗi a bayyane take. Inshorar da dokokin ƙasashe da yawa suka wajabta ita ce ta mutum na uku, wadda ba ta gyara motar mai ita, sai dai ta biya wanda ya cutar. Birtaniya ta wajabta ta tun a dokar zirga-zirgar hanya ta 1930. Da direban nan ya tsaya, da inshorarsa ce za ta ɗauki nauyi. Ko da kamfanin ƙanwata ya fara biya, zai koma ya bi kamfanin mai laifi ya karɓo kuɗinsa, domin doka ta ba kamfanin da ya biya diyya damar tsayawa a madadin wanda ya biya wa, ya bi haƙƙinsa. Da direba ya tsere, ya tafi da abu biyu a lokaci guda: wanda zai biya, da kuma wanda zai tabbatar cewa abin ya faru yadda aka faɗa.

Sa'ar ƙanwata ita ce cikakkiyar inshora gare ta, wadda ta haɗa da ɓarnar motarta ita kanta. Wanda ke da ta mutum na uku kaɗai, in aka buge shi aka gudu, kamfaninsa ba shi da abin ba shi na gyaran mota, komai kyawun hujjarsa. Amma cikakkiyar inshorar ma ta ajiye ta a wani matsayi mai wuya, domin yanzu kamfaninta ne mai biya na ƙarshe, ba shi da wanda zai bi. Kuɗin da ba za su dawo ba kuwa, ana ƙara sa ido a kansu.

Dole in yi wa kamfanin adalci a nan. Akwai mutanen da ke dakan bango ko turke da kansu, wataƙila cikin gyangyaɗi ko maye, sannan su ƙirƙiro direban da ya gudu. Masu kimanta ɓarna sun ga irin wannan ba sau ɗaya ba, an kuma horar da su su nemi alamunsa. Tuhumar ba ta taso daga banza ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda aka gina hukunci a kanta ba tare da an sake yi wa mai motar tambaya ko ɗaya ba.

Me ya sa batun ɗaya ko biyu yake da nauyi, alhali inshorar ta rufe duka? Saboda a kowane hatsari akwai kason farko da mai mota ke ɗauka daga aljihunsa kafin kamfani ya biya saura. Nata kason ya kai kusan ɗaya cikin takwas na kuɗin gyaran. In hatsari biyu ne, sau biyu za a cire, ya zama ɗaya cikin huɗu. Za kuma a rubuta mata neman diyya biyu a tarihinta, abin da zai bi ta shekaru a duk lokacin da ta je sabunta inshora, a wannan kamfani ko a wani. Mafi muni shi ne maganar cewa bayaninta bai dace ba. In aka bar ta ta tsaya, tana iya girma ta zama zargin ƙarya da gangan, kuma a wannan hali kamfani na iya ƙin biyan ko kwabo.

Abin da muka yi

Daren farko karatu muka yi. Mun buɗe takardar yarjejeniyar, wadda ƙanwata ba ta taɓa wuce shafinta na biyu ba, muka ja layi a ƙarƙashin wurare huɗu: wa'adin kai rahoto, ma'anar kalmar "hatsari" a wurinsu, kason mai mota, da hanyar ɗaukaka ƙorafi. A nan muka ga cewa yarjejeniyar ta ɗauki jerin ɓarnar da ta samo asali daga sanadi guda a matsayin hatsari guda. Ashe ba sai mun yi jayayya da sharaɗinsu ba. Abin da ke gabanmu shi ne mu nuna cewa bugun baya ne ya haifar da na gaba.

Washegari ta rubuta musu gajeren saƙo, ba zafi ba roƙo, tana neman abu biyu: cikakken rahoton mai kimanta ɓarna, da rubutaccen abin da ta faɗa a kiran farko. Daga wannan rana muka daina dogara da waya. In sun kira, za ta saurara, ta rubuta sunan mai magana da lokaci, sannan ta aika musu da saƙo mai cewa ga abin da muka tattauna yau.

Da rahoton ya zo muka ga a kan ƙafa uku ya tsaya. Fentin da ya gogu a bayan motarta shuɗi ne, ita kuwa ta ce baƙa. Ɓarnar gaba ta yi kama da ta dakan abu kafaffe, ba ta mota ba. Sannan a ƙasan bambar baya akwai wata lotsawa mai tsatsa, wadda ba za ta zama ta kwana 19 ba.

Ta ukun gaskiya ce. Kusan shekara guda kafin nan ta gogi wani dakali tana ribas, ba ta gyara ba, ta ma manta. Da ta ga hoton sai ta ce, "Yaya, in na amsa wannan ai sai su ce duk sauran ma tsofaffi ne." Na ce mata akasin haka ne zai faru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma musun abin da tsatsa ta riga ta shaida shi ne babbar tsagar da za ta ba su. Inshora a kan amana aka gina ta. Tun a 1766, a shari'ar Carter da Boehm a Ingila, alƙali Mansfield ya kafa cewa ba ya halatta wani ɓangare ya ɓoye abin da ya sani domin ya jawo ɗayan cikin ciniki, kuma ya ce wannan nauyi yana kan ɓangarorin biyu. Akwai kuma ƙa'idar da shari'ar Castellain da Preston ta 1883 ta ƙarfafa, cewa inshora mayar da mutum inda yake kafin asara take yi, ba ta ƙara masa. Don haka kamfanin yana da haƙƙin cire tsohuwar lotsawa, mu kuma muna da haƙƙin a tsaya a kanta kaɗai. Ta rubuta da kanta cewa lotsawar tsohuwa ce, ga lokacin da ta faru, ba ta neman a biya ta.

Maganar launi ce ta fi ba mu mamaki. Mun koma mararrabar da daddare, a daidai lokacin da abin ya faru, muna neman mai gadin. Ba mu same shi ba sai a dare na uku, domin aikin nasu na karɓa-karɓa ne. Yana ganinta ya gane ta. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ka tuna da ni?" Ya ce, "Haba 'yata, ai na yi ta tunanin ko kin tashi lafiya." Ya ba mu labarin daga farko har ƙarshe yadda ta faɗa: tana tsaye, an buge ta daga baya, motarta ta tafi ta daki turke. Da na tambaye shi launin motar, shi ma ya ce baƙa. A lokacin ne na lura da jakar takardun da ke hannuna. Shuɗiya ce, amma a ƙarƙashin fitilar titin ta koma baƙa ƙirin. Fitilun wurin irin na sodiyam ne masu hasken rawaya, kuma abu shuɗi ba ya mayar da irin wannan haske, sai ido ya gan shi baƙi. Mun ɗauki hoton jakar a wurin, muka sake ɗauka da rana. Dattijon ya yarda aka rubuta bayaninsa, aka karanta masa, ya sa hannu.

Shi ne kuma ya nuna mana kyamarorin tsaro biyu da ke kallon mararrabar. Ta ginin da yake gadi tana share abin da ta ɗauka bayan kwana 14, mun makara. Ta wani ginin ofis da ke tsallaken titi tana ajiye na kwana 30, mu kuwa mun isa a kwana na 24. Manajan ya ce ba zai miƙa mana hoton ba sai ga 'yan sanda, kuma yana da gaskiya, domin akwai fuskokin mutane da motocin wasu a ciki. Muka roƙe shi a rubuce ya killace na wannan dare kada na'ura ta share, sannan muka koma wurin jami'in da ke riƙe da rahoton, ya je ya karɓo. Hoton baƙi da fari ne, lambar motar ba ta fito ba saboda hasken fitilunta da ruwan sama. Amma ya nuna abin da muke nema cikin 'yan daƙiƙoƙi: mota a tsaye, bugu daga baya, tafiya zuwa turke, duk a numfashi ɗaya. Da mun jira mako guda, da wannan ma ya tafi. Har yau ina jin zafin cewa kwana 19 na farko mun zauna muna jiran kamfani, a zatonmu su ne za su je neman hujja. Ba su je ba, kuma babu inda yarjejeniyar ta ce za su je.

Abu na ƙarshe, mun ɗauki wani injiniyan mota mai zaman kansa ya duba motar tun ba a taɓa ta ba. Wannan yana da muhimmanci, domin da an fara gyara, da hujjar ta tafi tare da tsohuwar bamba. Rahotonsa shafi biyu ne. Ya nuna cewa tsayin wurin bugun ya dace da gaban motar ɗaukar kaya, cewa bugu a kusurwar hagu ta baya yana juya gaban mota zuwa dama, kuma ƙarfen da ya tsage a baya da na gaba duk sabuwar tsaga ce, in ban da lotsawar nan ɗaya.

Muka haɗa komai muka shigar ta hanyar ƙorafi da yarjejeniyar ta tanada, ba ta hannun jami'in da ya rubuto wasiƙar farko ba. Ƙorafin bai zagi kowa ba. Ya jero ranaku, ya ɗauki dalilansu uku ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye hujja a gaban kowanne, ya faɗi abin da take nema, ya kuma nemi amsa a rubuce. Ya ambaci cewa in ba a warware ba za ta kai maganar gaban hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora. Ƙasashe da yawa suna da irin wannan ƙofa. A Birtaniya, misali, kamfani na da mako takwas ya ba da amsarsa ta ƙarshe, bayan nan mai ƙorafi na iya zuwa wurin hukumar sasanta rikicin harkokin kuɗi kyauta.

Yadda aka ƙare, da abin da bai dawo ba

A kwana na 61 suka amince hatsari ɗaya ne. An cire kason mai mota sau ɗaya, an cire kuɗin tsohuwar lotsawa, an janye maganar cewa bayaninta bai dace ba, an gyara motar a garejin da suka amince da shi. Kuɗin injiniyan ba su mayar ba. Ni a ganina ya kamata ta bi shi, tunda kuskuren mai kimantawarsu ne ya tilasta mana ɗaukarsa. Amma ta gaji, wata biyu tana zuwa aikin dare a motar haya, ta ce a bar shi haka, ban matsa mata ba.

Rangwamen da ta tara na shekarun da ba ta nemi diyya ba ya ragu. Wannan ya yi mata ciwo fiye da kuɗin, tana ta maimaita cewa ai ba laifinta ba ne. Gaskiya ne. Sai dai wannan rangwame ba da laifi ake auna shi ba, ana duba ko kamfani ya biya kuɗin da bai iya karɓowa daga wani ba. In ba a kama direba ba, nauyin yana zama a kan sunan wanda aka buga. Wasu kamfanoni na sayar da ƙarin kariya ga rangwamen, ita ba ta saya ba.

Batun wuyanta ya zo da sauƙi saboda abu ɗaya: ranar da ciwon ya taso ta ga likita, aka rubuta, ta kuma sanar da kamfanin a rubuce cewa tana gyara amsarta ta farko. Ɗan sashen kuɗin magani da ke cikin inshorarta ya rufe mafi yawan abin da ta kashe, kuma ta warke cikin mako biyar. Da raunin ya yi tsanani, da maganar ta wuce kamfaninta, domin cikakkiyar inshorar mota ƙarfe take gyarawa, abin da take ba wa jikin direba kaɗan ne. Don irin wannan giɓi ne ƙasashe suka kafa asusun biyan waɗanda direban da ba a gano ba ya raunata. A Birtaniya akwai ofishin haɗin gwiwar masu inshorar mota da aka kafa a 1946, wanda kamfanonin ke zuba wa kuɗi. Faransa ta kafa nata asusun a 1951. Afirka ta Kudu na da asusun hatsarin hanya da ake ciyarwa daga harajin man fetur, yana biyan rauni da mutuwa, ba ya biyan ɓarnar mota. Indiya, daga Afrilun 2022, ta ɗaga diyyar wanda aka buge aka gudu zuwa rupee 200,000, kuɗin ƙasar, in an rasa rai, da 50,000 in rauni ya yi tsanani. Abin lura shi ne kusan duk irin wannan asusu jikin mutum ya fi duba, ba motarsa ba. Ko na Birtaniya, in ba a gano motar ba, ba ya biyan ɓarnar dukiya sai in hatsarin ya haɗa da babban rauni, kuma dalilin shi ne tsoron direbobin ƙirƙira da na ambata. Kowanne yana da wa'adinsa, kuma rahoton 'yan sanda da takardar likita su ne abin da ake fara tambaya. Wanda aka raunata ya tambaya tun a makon farko ko ƙasarsa na da irin wannan asusu, kada ya jira kamfani ya gaya masa.

Direban ba a same shi ba. Haruffa biyun da ta riƙe sun dace da motoci masu yawa, ko da an haɗa da shuɗin fenti. Kamfanin ya tabbatar mata a rubuce cewa in aka gano shi aka karɓo kuɗin, za a mayar mata da kasonta da rangwamenta. Ta ajiye wasiƙar tare da hoton fentin da lambar rahoton 'yan sanda a cikin shuɗiyar jakar nan, ta kuma sa 'yar kyamara a gilashin gaba da na baya. Ranar da ta karɓo motar daga gareji, ta bi ta mararrabar da daddare ta nuna wa dattijon.